Hanyar Wurno da Mota Biyu

Ranar Laraba ce, cikin Afrilun 1963, bazara ta yi tsanani. Da ƙarfe bakwai na safe Audi ya zo gidana a Ƙofar Atiku, ya durƙusa a bakin zaure ya gaishe ni, na amsa idona na kan jarida. Ɗana ne na fari. Kamar yadda ubana ya yi da ni, ban taɓa kiran sunansa ba, ban kuma taɓa zama hira da shi ba. In ina nemansa, sai in ce a kira mini wancan na gareji.

Da bakwai da rabi ya buɗe bayan motata, inda injinta yake, ya duba baƙin mai. Ƙirar Jamus ce, na saye ta a 1957, bayan na dawo daga jami'a a Ingila aka ba ni aikin duba makarantu. A shekarar ne shi kuma ya bar makarantar Midil ya shiga koyon kanikanci a Sabon Gari. Ina yawo ƙauye-ƙauye ina roƙon manoma su bar 'ya'yansu a aji, nawa ya fita. Shekara biyu ban taka garejin ba.

Mota ce ta gyara tsakaninmu. Kunya ta hana ni tambayarsa lafiyarsa, amma ba ta hana ni tambayar lafiyar inji ba. Da ya samu tasa sai gardama ta samu wurin zama. Wata 'yar ƙaramar ƙirar Japan ce da wani ɗan kasuwar Ƙofar Taramniya ya kawo daga Ikko, ya kifar da ita a rami, ya rasa kayan gyara. Audi ya karɓe ta, ya yi wata bakwai yana fiƙe mata ƙarafa da hannunsa har ta tashi.

Safiyar nan ya goge hannu da tsumma ya ce, "Baba, wagga dattijuwar taka tana tari."

Na ce, ina kallon motar, "Ba ta dai roƙon ruwa a hanya. Wancan gwangwanin naka fa, kowane mil goma sai an shayar da shi kamar jaki."

"Jakin nan galan guda ka kai shi inda taka ka shan biyu. Kuma mutum na jin maganar na kusa da shi."

"Bari ta ga rairayi."

"To mu kai su Wurno mana, Baba. Asabar da taka, Lahadi da tawa, mu biyu. Wadda ta sha kashi mai ita ya yi shiru."

Na ce to, kamar abin bai dame ni ba. Amma na lissafa: zuwa da dawowa sau biyu, kusan awa biyar ke nan kafaɗa da kafaɗa, kowa na kallon gaba, babu mai jinmu. Na ƙudurta a hanyar nan zan gaya masa cewa bai yi kuskure ba da ya bar makaranta, kuma ina alfahari da hannunsa. Na yi shekara uku ina neman inda zan faɗi haka.

Da ƙarfe goma na wuce ta gareji, ban tsaya ba. Ƙafafunsa kawai na gani daga ƙarƙashin wata babbar mota. Da azahar na ci tuwo a gida. Da ƙarfe huɗu ya aiko da sababbin fulogi huɗu, wai kada in ce an cuce ni. Da magariba matarsa Ladi ta faɗa wa uwarsa yana ciwon kai. Na ce rana ce.

Ranar Alhamis wuyansa ya sanƙare, muka kai shi asibiti, aka ce sanƙarau ne. Ya rasu ranar Jumma'a da hantsi, yana da shekara ashirin da huɗu. Ana ta'aziyya ban yi kuka ba, an kuma yaba mini.

Bayan sadakar arba'in na yi tafiyar. Asabar na fita da tawa ƙarfe bakwai, na isa Wurno cikin awa ɗaya da minti goma. Ta ratsa rairayi ba gardama, don nauyinta a baya yake. Sai dai ƙara, ko da akwai mutum a gefena sai na ɗaga murya kafin ya ji ni. Lahadi na ɗauki tasa. Na tura kujerar gaba, don ya fi ni tsawo. Sau ɗaya ta kafe, wasu manoma uku suka tura ni. Sau ɗaya na ƙara mata ruwa. Fetur kuwa kusan rabin na tawa ta sha. Kuma gaskiyarsa, ba ta da ƙara. A dawowa, daidai wata kuka, na faɗi sunansa a hankali, na ji shi sarai. Sauran maganar ban iya ba.

Don haka in an tambaye ni, nakan ce ta Jamus ta fi juriya, ta Japan ta fi sauƙin riƙo, kuma a cikinta ake iya magana.

An raba gado yadda shari'a ta ce. Rigunansa huɗu da hula biyu Ladi ta bayar sadaka. Akwatin sifana da jak muka bar wa Sodangi, abokin aikinsa, wanda ya ƙi karɓa sai da na kai masa da kaina. Motarsa aka yi mata kuɗi, na karɓe ta, na sayar da tawa ga wani malamin asibiti. Fulogin nan huɗu ban sa su a cinikin ba. Suna cikin aljihun tebur, a takardarsu. Kujerar kuma na mayar da ita inda ya bar ta, ina tuƙi da matashi a bayana.