Ruwan da Na Sirka wa Umma

Ranar wata Laraba ce cikin watan Maris, kwana goma sha tara da haihuwar ƙanena Sadiku, ina 'yar shekara tara. Ina tsugune a bayan gidanmu na haya a Agege, ina tura itace ƙarƙashin rabin duron da ake dafa ruwan wankan jegon Umma. Hantsi bai gama ɗagawa ba, amma zafin Legas ya riga ya manne wa mutum a jiki kamar jiƙaƙƙen zani. Ruwa yana ta tafarfasa, ganyen darbejiya yana juyi a ciki, hayaƙi yana sa ni hawaye. Kakata Inna ta cika bokiti ta ajiye a ƙofar banɗaki, ta koma ɗaki ɗauko jariri. Sai ga Umma ta fito tana dafa bango, zani ɗaure a ƙirji, gumi yana bin wuyanta tun ba ta taɓa ruwan ba. Ta tsaya a kaina ta ce, "Hadiza." Na ɗago da sauri, don ni ce 'yar fari, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, daga "ke" sai "yarinyar nan". Ta rage murya ta ce, "Ki taimake ni. Kafin Inna ta fito ki sirka mini ruwan nan. Wallahi zuciyata kamar za ta faɗo." Ban tsaya tunani ba. Na ruga rijiya na ja guga, na rage na zafin a kwata, na cika bokitin da na sanyi, na dawo gindin murhu na zauna kamar ban motsa ba.

Gidan namu irin mai ɗakuna suna kallon juna ne, ɗaki goma sha biyu, banɗaki biyu, rijiya ɗaya, ga layin dogo a bayanmu, in jirgi ya wuce har kwanukan Umma sai sun yi ƙara a kan kanta. Hausawa ne rabi, Yarabawa rabi, mu yara kuwa duk bakinmu ɗaya, mu yi faɗa da Yarabanci mu shirya da Hausa. Baba mahauci ne a abbatuwa, da asuba yake fita, ya dawo da la'asar da ƙunshin nama da takalmin roba duk jini. Ɗakin da ke kallon namu na Iya Sikira ne, mai sayar da wake da burodi a bakin titi, mace mai murya kamar lasifika da zuciya mai taushi. Inna kuwa mahaifiyar Umma ce, ta taso tun daga Malumfashi don jegon nan, da buhunta na gero da kanwa da kayan yaji, kwana biyu a mota. Ba ta jin ko "zo" da Yarabanci, kuma ba ta yarda da komai na garin ba. Ni ma "'yar Ikko" take ce mini, wai ban iya ko surfe ba. Bayan suna gwiwarta ta hana ta shiga banɗakinmu mai santsi, sai ta riƙa zama a kan kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofa, jariri a cinya, tana sauraren ƙarar ganye a jikin Umma, tana kallon tururi yana fita ta ƙasan ƙofar kwano. In tururin ya yi mata, sai ta gyaɗa kai.

Gaskiya tun kafin haihuwar Umma ta fara canzawa, ba mu dai gane ba. Lokacin ba ta kai talatin ba, kuma ita ce mai kitson layinmu, ranar Asabar tsakar gidanmu cike da mata, ana shuku ana hira. Sai hannunta ya fara rawa, tsaga ta daina miƙewa, mata suka janye ɗaya bayan ɗaya. Ga ci kamar me, ta tashi da kwanon tuwo ta nemi ƙari, amma kullum ƙara zubewa take yi, har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Idonta ya firfito, in ta kalle ki sai ki ɗauka harara ce. Abu kaɗan ta kai mini mari, can kuma in same ta tana kuka tana shafa mini wurin. Kowa ya ce laulayin ciki ne, in ta sauka zai wuce. Ta sauka bai wuce ba.

Kwana goma ina sirka ruwan nan safe da yamma, ba wanda ya sani sai ni da ita. Ta kan fito daga wanka ta ɗan kalle ni ta gefen ido, ni kuwa in ji kamar an ba ni duniya. Sai dai rawar jikin ba ta tsaya ba, ƙaruwa ma ta yi. Wata rana da rana tana riƙe da kofin kunu, kofin ya riƙa kaɗawa har ya zube a kan tabarma. Inna ta ajiye carbi ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Sanyi ya shige ki. Wannan karkarwar ta sanyin jego ce, na san ta." Ta shiga ba da labarin wata mata a garinsu da ta riƙa ha'intar wanka, tana sirka ruwa a ɓoye, ta kumbura kafin arba'in, aka binne ta aka bar jariri a hannun dangi. Ta ce, "Ruwan sanyi ga mai jego ai guba ne." Ina bakin ƙofa ina tsince shinkafa a faranti. Ban san lokacin da farantin ya kife ba.

Daga ranar ban ƙara samun sukuni ba. Na daina fita 'yar gala-gala, ƙawata Sikira, 'yar Iya Sikira, ta zo ta ja ni ta gaji. A Islamiyya malam yana biya mana karatu, ni kuwa lissafin guga nake yi, guga nawa na zuba, guga nawa ke kashe mutum. In Umma ta kwanta sai in matsa kusa in ƙura wa wuyanta ido, ina kallon wata jijiya tana bugawa fat-fat-fat da sauri kamar ta ɗan tsako, ga wani ɗan kumburi a gaban wuyan da yake hawa yana sauka in ta haɗiye yawu. Na ce shi ke nan, kumburin da Inna ta faɗa ne ya fara. Na so in gaya wa Baba, amma maganar jego ba ta maza ba ce, ya kawo ƙauri ya ajiye ya fita. Na so in gaya wa Inna, sai in tuna zan tona asirin Umma. Inna kuma ta ƙara ƙaimi da iyakar saninta: ta sa aka kawo kurfoti da garwashi cikin ɗaki, ta rufe taga, ta ƙara kanwa a kunu. A cikin zafin Maris ɗin nan, ɗakinmu ya koma kamar gidan burodi. Iya Sikira ta leƙo ta kama baki, ta ce mini da Yarabanci, "Kakarki gasa ta za ta yi ne?" Ban fassara ba.

Washegari da safe Umma ta zo ta tsaya a kaina kamar kullum. Na sunkuyar da kai na ci gaba da hura wuta. Ta ce, "Ke." Ban ɗago ba. Ta daɗe a tsaye, ina kallon yatsun ƙafarta suna rawa a kan siminti, sannan ta juya ta shiga banɗaki. Wallahi a raina ceton ta nake yi. Har ƙara itace na yi, don in biya abin da na ɓata. Haka muka yi ranar, haka muka yi washegari. Rana ta uku, muna jin ƙarar ganye, fyaɗ, fyaɗ, sai ta tsaya. Muka ji bokiti ya faɗi, ruwa ya kwararo ta ƙasan ƙofa yana tururi. Inna ta kira sunanta sau uku ba amsa. Ihuna ne ya fito da Iya Sikira, ta sa kafaɗa ta ɓalle ƙofar, ta ciccibo Umma kamar yarinya. Idonta a buɗe, bakinta a buɗe, tana jan numfashi sama-sama. Mijin Iya direban danfo ne, bas ɗin haya ta Legas, Allah ya sa bai fita ba, ya kwashe mu duka sai asibiti, aka aika a kira Baba.

Likitar wata Bayarabiya ce mai gilashi. Bayan sun sa wa Umma robar iska da ruwa a hannu, ta fito baranda tana tambayar abin da ake yi wa mai jegon a gida. Iya ta ce ita daga nesa take gani, Inna ba ta jin yare, Baba bai iso ba. Sai ido ya dawo kaina. Na faɗi wankan, na faɗi garwashin, na faɗi kunun kanwa. Sannan abin da na daɗe ina haɗiyewa ya ƙwace mini, na fashe da kuka na ce da Yarabanci, "Ni ce na kashe ta. Kwana goma ina zuba mata ruwan sanyi." Likitar ta cire gilashi ta durƙusa har ta daidaita da tsawona. Ta sa na maimaita. Sai ta ce, "Yarinya, ruwanki bai yi mata komai ba sai alheri." Ta taɓa gaban wuyanta ta nuna mini, ta ce akwai wata 'yar halitta a nan, ita ce in ta kumbura ake ce wa maƙoƙo. Ta Umma aiki take yi fiye da ƙima, tana ƙona jiki daga ciki tana sa zuciya gudu, kuma da alama ta daɗe a haka, gwajin jini zai tabbatar. Ba sanyi ba ne, ba kuma wanka ne ya kawo ta ba, amma mai wannan ciwon ba ta jure zafi, ruwan da garwashin da kanwar sun ƙara wa zuciyar kaya. Ta ce, "Gaya wa kakarki a daina duka daga yau."

Ni kuwa daɗi ya cika ni, an sauke mini dutse, ban san wani zan ɗora wa ba. Na juya wurin Inna da hawaye a fuska ina murmushi, na faɗa mata gatsau yadda yaro ke magana: "Inna, an ce ba sanyi ba ne. An ce zafin da kike sa mata ne ya kusa kashe ta." Ba haka likitar ta ce ba, ni na gajarta. Inna ta dubi tafin hannunta, hannun da ya yi wa mata fiye da ashirin jego, ta juya shi ta sake juyawa, sannan ta zauna a ƙasan baranda ta ja mayafi ta rufe fuska, Sadiku yana barci a bayanta.

Kwana tara Umma ta yi a asibiti. Aka sallamo ta da ƙwayoyin da za ta riƙa sha kullum, da takardar komawa ɗibar jini. Ba a yini ɗaya ta warke ba. Watanni aka yi ana ƙara magani ana ragewa, wani lokaci ta yi ta barci da kasala, wani lokaci rawar ta dawo in koma gadin wuyanta. Sai da Sadiku ya fara tafiya sannan ta sake kama tsinken kitso, kuma kaina ta fara gwadawa. Inna ta zauna da mu har wata huɗu. Ba ta ƙara kusantar murhun nan ba. Ita ta buɗe taga da hannunta, ta sa Baba ya sayo mata mafici, ta wuni a gefen Umma tana yi mata fifita har hannunta ya gaji ta canza. Ba ta iya duba agogo ba, sai ta ɗaure maganin da salla, tana sallamewa za ka ji ta ce, "A ba ta ƙwayar." Tsokanar da take mini ce ta ragu, ta koma kira na da sunana, ni kuma a lokacin har daɗi na ji.

Yau an rushe gidan nan an yi shaguna, an cike rijiyar, ni ma ina da 'ya'ya huɗu a nan Agege. Yanzu mace ta je awo a duba jininta, in an ga abu a faɗa mata sunansa tun da wuri. Umma tana nan da ranta, ta yi ƙiba, tana yi wa jikoki faɗa, maganinta a cikin jaka duk inda za ta. Inna ce ba ta nan, ta rasu a Malumfashi ina aji shida, ba ta ƙara zuwa Legas ba. Sai da na girma na riƙe nawa ɗan yana zazzaɓi ban san me zan yi masa ba, sannan na gane cewa ni da ita tsoro ɗaya muka kwana da shi a ɗakin nan, kowa yana yi wa Umma iyakar abin da ya sani. Ni na samu wadda ta durƙusa ta ce mini ba laifina ba ne. Ita kuwa ni aka aika in gaya mata, ban iya ba.