Ranar Da Aka Sauke Wa Auta Kaya

Jama'a, abin da zan ba ku ba tatsuniya ba ce, kuma ba ji na yi a bakin wani ba. Ni ya faru da ni, a gidanmu da ke cikin birnin Zariya ta wajen Ƙofar Gayan, shekarun baya, lokacin na gama bautar ƙasa ina zaman jiran aiki. Na rantse da Wanda raina ke hannunsa ban ƙara gishiri ba. Har na gaji da ba da labarin da baki, don duk wanda na ba sai ya ce gajiya ce ta sa na ga abin da na gani. To, gajiya kam akwai ta, ban musa ba, amma ku ji tukuna.

Mu biyu ne maza a wurin Innarmu, ni da Yaya Nuhu, ni ne ƙarami, shi ya sa kowa ke ce mini Auta. Yaya Nuhu malamin sakandare ne, mutum mai barkwanci da tsokanar tsiya. Ya yi hatsarin mota a hanyar Kaduna, lakarsa ta taɓu, daga wuya zuwa ƙasa babu abin da ke motsi, baki da ido kawai suka rage masa, bakin kuwa bai ragu da komai ba. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, 'yan'uwanmu mata suna gidajen mazansu, Inna ta tsufa ga ciwon gwiwa, sai jinya ta faɗo kaina ni kaɗai. Wanka ni, tsarki ni, abinci a baki ni, sannan ga babban aikin, wato juyi. Likita ya ce in aka bar shi a gefe ɗaya jikinsa zai yi gyambo, don haka jim kaɗan sai an juya shi, daga dama zuwa rigingine zuwa hagu. Ga Yaya ƙato, sai na sa gwiwa a kan katifa, na cusa hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗa ɗaya ƙarƙashin ƙugu, na yi bisimilla, sannan yake juyuwa. Inna ta taɓa gwadawa ina kasuwa, ko gezau bai yi ba, ita ce ma ta kwanta da ciwon baya. Ku riƙe wannan, don shi ne kan maganar.

Tun kafin hatsarin Yaya yana da na'urar gem, wasan nan da ake haɗawa da talabijin, da ya saya a unguwar Kongo nan Zariya, kuma akwai wani gem guda da ya ɗora wa rai, irin dogon nan mai labari, na takubba da tsafi da dodanni. Wata ƙasa ce wai sarkin aljanu ya haɗiye mata rana, sai wani jarumi mai jan mayafi da zabgegen takobi yake bi gari gari yana yaƙi don ya dawo da ita. Da hannu ya ƙi aiki sai na zama hannunsa. In an kawo wuta da rana, in kwantar da shi ta gefen hagu yana fuskantar talabijin, in ɗauki fad, abin latsawar nan, shi yana ba da umarni ni ina bi. Kauce, sare shi, kai Auta ba ka da ido ne, sha magani mana za ka kashe ni. Haka muke yini. Ni ba son gem ɗin nake ba, wallahi wani lokaci ina latsawa ina gyangyaɗi, amma shi ne kaɗai lokacin da nake ganin fuskarsa ta dawo irin ta da.

Duk mutanen cikin gem ɗin sai da ya raɗa musu sunan 'yan unguwa. Akwai wata tsohuwa da ke zaune gaban wuta a bakin kowane gari, wurinta ake zuwa a huta a warke, ya ce ita ce Inna. Wata maharbiya mai tsiwa da ke taya jarumin faɗa in ta ga dama, ya ce Hajiya Asabe mai awara ce. Wani dodo mai tumbi da ya tare gada ya hana mu wucewa kusan wata guda, ya ce Kansila ne. Jarumin kuwa ai ba sai an faɗa ba, shi ne da kansa.

Sai kuma ɗan dako. Wani siririn mutum ne da ke bin jarumin a baya duk inda ya sa ƙafa, ɗauke da wani uban ƙunshi a gadon baya, makamai da magunguna da tarkace duk a ciki, har ya ranƙwafa. Ba ya faɗa, ba a sarrafa shi, shi dai bi kawai. In jarumin ya faɗi, shi zai ja shi a ƙasa har gaban wutar tsohuwa. Magana ɗaya gare shi da Turanci, yana ta maimaita ta, ma'anarta ina bayanka maigida. Wannan Yaya ya sa wa Auta. Ranar da ya raɗa masa sunan ya yi dariya har ya ƙware, ni ma na yi, amma can cikin raina abin ya ɗan sosa ni.

Ana nan, jinya ta kai shekara biyu da ɗoriya, sai wata rana aka kira ni a waya daga wani kamfani a Jos da suka taɓa yi mini intabiyu har na manta. Wai sun ɗauke ni, in je in kama aiki farkon wata, in ban je ba za su ba wani. Na fita soro na amsa don kada Yaya ya ji. Na gaya wa Inna a ɗakinta da murya ƙasa ƙasa, ta ce ita ba za ta ce in tafi ba, ba za ta ce in zauna ba, Allah ya zaɓa mafi alheri. Amma ni da ita duk mun san amsar. In na tafi wa zai juya shi? Ba mu da halin ɗaukar mai jinya, dangi kuwa kowa da tasa ta ishe shi, sannu da ƙoƙari kawai suke kawo mana. Na yanke a raina na haƙura da aikin, kuma ba zan gaya masa ba. Sai dai haƙurin na baki ne, zuciyata ta yi nauyi, abokan karatuna duk sun kama gabansu ni ina nan ina wankin zanen gado. Ina son ɗan'uwana, Allah shaida, amma na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Na manta tagar ɗakinsa da ta Inna tsakar gida ɗaya suke kallo, kuma wanda ba ya motsi kunnensa ya fi na kowa.

Ranar wata Juma'a, saura 'yan kwanaki wata ya ƙare, aka kawo wuta da hantsi muka kunna. Mun kai wani gari mai ganuwa da babbar ƙofa, wanda Yaya ke kira Ƙofar Gayan, tsohuwa na zaune da wutarta daga ciki. Ranar bai ce in je in yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon ɗan dakon nan, sai ya ce in duba cikin jerin abubuwan da ake zaɓa, ko akwai inda ake sauke masa kaya a sallame shi. Na duba sama na duba ƙasa, babu. Ya ce in sake dubawa. Raina ya ɗan ɓaci, na ce Yaya haka masu gem ɗin suka yi shi, shi da kayan nan sai ƙarshen labari.

Ya ce, "Kai dai Auta, ba a yin mutum don dako kawai."

Na ce masa ai wannan ba mutum ba ne, zane ne. Da lokacin masallaci ya yi na gyara masa kwanciya a gefensa na hagu, na sa masa filo a baya da tsakanin gwiwoyi kamar kullum. Ya ce in bar talabijin a kunne, yana son sautin wurin tsohuwar nan. Na tsayar da jarumin gaban wuta, ɗan dako na bayansa da ƙunshinsa, na ɗora fad a saman sif, can inda ni kaina sai na yi ɗage nake kaiwa. Inna ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakin tana tsintar shinkafa. Har na kai soro ya ƙwala mini kira, na dawo ina tsaki a zuci, sai ya ce ba komai, in yi masa addu'a kawai.

Da aka idar da salla na dawo a ƙafa, rana tsaka, mutane cike da lungu. Inna na nan inda na bar ta, sai da na tsallake ƙafarta na shiga. Abin da na fara gani shi ne bayan Yaya. Bayansa fa, jama'a. Ni na kwantar da shi yana kallon talabijin, ga shi yanzu ya juya mata baya, yana kwance a gefensa na dama, fuskarsa gabas, ƙafafu a miƙe a haɗe, filallukan da na sa masa an jera su a gefe ɗaya. Na kira shi, shiru. Na zagaya na duba fuskarsa, ido a rufe, baki a rufe, kamar wanda aka gyara. Na taɓa shi, da sauran ɗumi, amma rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban yi kuka a lokacin ba, kaina ne ya ɗaure. Na ce Inna wa ya shigo? Ta ce ko kaza ba ta gifta ta ba. Na ce to wa ya juya shi? Ta leƙo, ta gani, ta saka salati. Daga baya ta gaya mini ta ji shi yana magana ƙasa ƙasa har da 'yar dariya, ta ɗauka hirarsa da mutanen talabijin ce kamar yadda ya saba. Abin da ta iya kamawa kawai shi ne, "Sauke mana, ai ka kawo ni."

Sai a sannan na waiwaya na kalli talabijin. Jarumin da na bari a tsaye ga shi kwance gaban wutar tsohuwa, a gefensa na dama, ya cire takalma an ajiye su a jere, takobi a jingine da bango. Ƙunshin nan kuwa yana ƙasa kusa da shi, a kwance. Ɗan dako babu shi a wurin. Na miƙa hannu saman sif, fad na nan yadda na ajiye shi. Ban san abin da ya sa ba, na ɗauko shi na tura 'yar sandar da ke jikinsa gaba. Hoton ya juya ya fita wajen ganuwa, sai ga ɗan dako tsaye a bakin ƙofar gari, bayansa babu komai, ya miƙe sak, ashe dogo ne. Na sake turawa, sai ya taka. Shi ne ya taka, ba jarumin ba. Ya kama hanya yana tafiya, kuma bai ce ina bayanka maigida ba, bai ce komai ba. Na jefar da abin na zare waya daga bango.

Da maƙwabta suka shigo, limamin unguwarmu ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya yi mini albarka da na fuskantar da shi alƙibla kafin cikawa. Na ce Malam ba ni ba ne. Ya dube ni da tausayi ya ce in je in zauna, ruɗewa ce. Bayan La'asar muka kai shi makwancinsa.

Da aka share makoki na je Kongo wurin mai shagon da Yaya ya sayi gem ɗin, wani Shamsu, wanda ya ce ya buga shi daga farko har ƙarshe ba sau ɗaya ba. Na tambaye shi ko jarumin yana cire takalmi ya kwanta, ko ana iya sallamar ɗan dako a yi tafiya da shi. Ya yi dariya ya ce babu wannan a ciki, ko a ƙarshen labarin ma ɗan dakon da kayansa ake barinsa. Ya ce in kawo na'urar ya duba. Ban kai ba. Tana nan cikin buhu a ƙarƙashin gadon Inna, ban sake kunna ta ba, kuma na hana kowa.

Mutanen Jos da suka ji rasuwa aka yi mini sun ɗaga mini ƙafa. Yayarmu da mijinta ya rasu ta dawo wurin Inna, Inna ta ce in tafi, an riga an sallame ni. Na tafi, har yau ina wurin, na yi aure, ɗana na fari sunansa Nuhu. Mutane suna cewa Allah ya yi mini sakayya, ina cewa amin. Amma ni na san ban taɓa roƙon a sauke mini kayan ta wannan hanya ba, kuma da an tambaye ni da na ce a bar mini abina. Har yanzu ina zaune a ofis tsakar rana sai in ji na zabura, jikina na ce mini lokacin juyi ya yi.

Ban san wanda ya juya Yaya ba. Ban ce aljani ba ne, ban ce mala'ika ba, Allah ne masani, ni dai na faɗi abin da idona ya gani. Shawarata gare ku masu jinya, in kuna da damuwa ku zauna ku faɗa wa majinyacinku da bakinku, kada ku fita soro kuna raɗa kuna zaton bai sani ba. Yana ji, kuma yana auna nauyinsa a kanku fiye da yadda kuke auna shi. In kuma ya kira ku kun kai bakin ƙofa, ku dawo ku zauna ko na minti ɗaya ne. Wanda ya karanta wannan ya sa Yaya Nuhu a addu'a, Allah ya jiƙan namu da naku.