Minti biyu da saƙon Goggo

Shekarun baya, lokacin ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a Kazaure, an taɓa gayyatata wani taro a Abuja. Ba wai an san da ni ba ne. Abokina da ke aiki da wata ƙungiya shi ya cusa sunana, domin ana neman wanda za a ce daga karkara ya fito. Ni kuwa ko da yake a cikin gari nake haya, asalinmu wani ƙauye ne a arewacin Babura, dab da iyakar Nijar. Wannan kaɗai ya ishe su.

Taron irin wanda ake yi ne shekara-shekara kan yadda za a tafiyar da intanet. Ƙasashe da yawa suna da nasu, yankunan duniya ma suna da nasu, wannan kuwa na Afirka ta Yamma ne. Abokina ya ce jami'an gwamnati da masu kamfanonin waya da malaman jami'a da 'yan ƙungiyoyi duk zaure ɗaya suke zama, kowa da bakinsa. Ba a kafa doka a wurin, amma abin da aka faɗa yana shiga rahoto, rahoton kuma yana kaiwa gaban masu iko. A ranar ƙarshe akan buɗe abin magana, wato makirufo, ga duk mai so, minti bibbiyu.

Kafin tafiya na je gida sallama, har da ɗan nuna takardar gayyata, ba zan ɓoye ba. A can na tarar da Goggo, ƙanwar mahaifina. Ita ke riƙe da ƙaramin asibitin ƙauyenmu, ɗaki biyu da baranda, kuma kusan duk wanda aka haifa a garin cikin shekaru ashirin a hannunta ya faɗo. Ta juya takardar gaba da baya, ta ce in karanta mata da Hausa. Da na gama sai ta jawo wayarta daga gefen zani ta ajiye a gabana.

"To, ka ga wannan? Ta fi ni yawo. Ina zaune kan tabarmata, ita tana Nijar."

Na san maganar. Ƙarfen sabis ɗin da ke tsallaken iyaka ya fi namu kusa da garin, don haka layukan mutane sai su bar na gida su kama na can. In haka ta faru, kira ko dai ya ƙi shiga ko ya lashe katin mutum kafin ya gama sallama, intanet kuwa ba a maganarsa. Masu zuwa cin kasuwa sun daɗe da sayen layin Nijar suna sa masa kati da sefa. Amma direban motar asibitin Babura layin Najeriya gare shi, kuma manhajar da Goggo ke aika rahoton rigakafi da ita ba ta san wannan dabara ba. Idan tana son kira sai ta taka har bayan firamare, wurin da sabis ɗinmu ke ɗan leƙowa.

Ta ce, "Watan jiya wata ta haihu da hantsi, jini ya ɓalle mata. Hannuna ɗaya a cikinta, ɗaya a waya. In tafi bayan firamare in bar ta da wa? Allah ne ya tsare, amma ba kullum zan riƙa cewa Allah ya tsare ba alhali ga abin da mutane za su iya gyarawa. Ni ba gini nake roƙo ba. Ka faɗa musu sunan garin nan, ka ce a dawo mana da wayarmu gida. Za ka iya, ɗan nan?"

Na ce, "Haba Goggo, wannan ai ƙaramin abu ne."

Na ɗauki aikin da gaske, wannan kam a ba ni. Na rubuta jawabin da Turanci, na yi ta yanke shi har ya rage sunan ƙauyen, da nisansa da iyaka, da labarin mai jegon, da buƙata guda: masu kula da sadarwa na ƙasashen biyu su zauna kan garuruwan bakin iyaka. Na karanta wa matata tana riƙe da agogo. Minti ɗaya da daƙiƙa hamsin. Na maimaita sau bakwai ko takwas, har ta ce ita ma ta haddace, ko in zauna a gida ta je.

Kwana biyun farko a Abuja kallo na yi. Zaure ne mai sanyi, kowa da na'urar fassara a kunne saboda masu Faransanci. An yi ta magana kan tsare bayanan mutane, da katse intanet lokacin zaɓe, da yarukan da ba su da gurbi a intanet. Wasu na gane, wasu na gyaɗa kai kawai. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suke magana da juna. Yarinyar da ba ta wuce sa'ar ɗalibaina ba ta miƙe ta kira wani dattijo mai furfura da sunansa gatsal, ta ce ba ta yarda da abin da ya faɗa ba, ta zauna. Babu sallama, babu ranka ya daɗe. Shi kuma ya yi murmushi ya rubuta. Na ce a raina, idan layi ya zo kaina za su ga yadda ake yi.

Ranar ƙarshe da rana aka buɗe abin magana. Na shiga layi, ni ne na shida. A jikin bango akwai babban agogo mai ƙirga minti biyu yana komawa baya. Na gan shi sarai. Sai dai ni a lissafina, ba zai fara ƙirga ba sai an fara magana, gaisuwa kuwa a wurinmu ba ta cikin magana. Idan mutum ya je gaban mai gari da ƙara, sai an gama gajiya da iyali da ruwan bana tukuna a ce masa, "To, me ke tafe da kai?" Daga nan zance ke farawa. Shi ya sa duk karatun da na yi wa matata ban taɓa sa gaisuwa a ciki ba. Ko kusa bai zo mini ba cewa akwai wurin da ake cajin mutum lokacin gaisuwa.

Da na iso gaban abin maganar na ɗaga kai, sai ga malamina a teburin manya, wanda ya koya mini kwamfuta tun ban san inda ake kunna ta ba. Shekara goma rabona da shi. Yaya zan tsallake shi?

Na yi sallama. Na gaida matar da ke jagorantar zaman, na gaida waɗanda ke teburin ɗaya bayan ɗaya da muƙamansu, domin na kwafe su a takarda tun da safe. Na gode wa masu shirya taro. Na juya ga baƙinmu na Nijar na gaishe su da ɗan Faransancin da na tsinta a kasuwar Babura, zauren ya yi dariya, ni kuma na ji daɗi. Sannan na ɗan rusuna na ce da Hausa, "Allah gafarta Malam, barka da gajiya."

Malam, Allah ya saka masa, ya jawo nasa abin maganar ya amsa. "A'a, kai ne? Lafiya lau. Ya mutanen gida?"

Ai kuwa na ba shi amsa cikakkiya.

Na buɗe takardata, na gyara murya, na ce da Turanci, "Na fito ne daga wani ƙauye..." Sai na ji muryata ta koma daidai ta mutum ɗaya. An kashe abin maganar. Agogon bango ya yi ja, matar tana murmushi tana cewa ta gode, na bayana ya riga ya matso. Aka yi mini tafi, tafi mai kyau kuwa. A wurin shan shayi wata Baturiya ta ce ba ta ji jawabi mai daɗin nawa ba duk taron. Abokina ya ja ni gefe ya ce, "Kai wai aikenka aka yi, ko yawon gaisuwar Sallah ka zo?"

Na yi ƙoƙarin gyarawa. Na kutsa cikin masu kewaye da Malam na miƙa masa takardar, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce in gaida gida. Na aika da ita ta imel ɗin masu taron, aka amsa da godiya. Da rahoton ya fito na bi shi shafi-shafi. Akwai layi ɗaya kan al'ummomin bakin iyaka, wanda ina jin wani ne ya tayar a zaman da ban shiga ba. Sunan garinmu ba ya ciki.

Na yi mako uku ban je gida ba, kullum da uzurin jarrabawa. Sai Goggo ta zo Kazaure wani taron ma'aikatan lafiya, ta biyo gidana bayan azahar. Ta ci abinci, ta yi wasa da yara, sannan ta ce, "To, Bature, ya aka yi da saƙona?"

Na ce, "An yi magana, Goggo. Taro ya yi kyau ƙwarai."

"Matarka ta ce an ɗauka a bidiyo, wai yana nan a intanet ɗin naku. Nan ai akwai sabis. Nuna mini."

Na nemo wurin, na miƙa mata wayar. Ta riƙe ta nesa da fuska kamar yadda take duba ma'aunin zafi. Ta ga na rusuna wa Malam, ta gyaɗa kai. Ta ji tafi. Ta ce in mayar baya, na mayar, ta sake saurara har ƙarshe, wannan karon ido rufe. Sannan ta miƙo mini wayar.

"Ka yi kyau, kuma ka iya gaisuwa, ba ka kunyata mu ba. Ni Turanci ba ji nake ba. Amma sunan garinmu, ko da wane yare aka faɗe shi zan gane shi. Ban ji ba."

Na fara bayanin agogo. Ta saurara har na gama, ta ce, "To, Allah ya kyauta," ta nemi mayafinta domin kada motar Babura ta bar ta.

Maganar ta daɗe da wucewa. Bayan wasu shekaru an kafa ƙarfen sabis a garin da ke kudu da namu, ba da hannuna a ciki ba, wayoyin mutane suka daina tsallaka iyaka. Goggo ta yi ritaya, tana kiwon awakinta. Na halarci irin wannan taro sau biyu bayan nan, kuma yanzu na gane dalilin agogon: idan mutum ɗari ke son magana, dole a yanka lokaci daidai, babba da yaro. Su da al'adarsu, mu da tamu, babu wanda ya ga akwai abin da zai yi wa wani bayani. Na daɗe ina ba da labarin a haka, ana dariya. Sai daga baya na yarda da ragowar gaskiyar. Na ga agogon yana tafiya tun ina kan mutum na uku a teburin. Gaisuwar ta fi saƙon sauƙi, zauren yana jin daɗina, ni kuma ban so in daina ba. Wannan ɓangaren har yau yana ba ni kunya.

Goggo ba ta taɓa yi mini gori ba, ban kuma ji ta gaya wa kowa ba. Idan na je gida tana yi mini fura da hannunta, tana tsokanata da Bature. Abu ɗaya kawai na lura da shi, shi ma sai da aka kwana biyu. Idan tana da saƙo zuwa Kazaure, ko maganin ido ne ko ɗinki, takan ba direba, ko ta kira matata. Ina zaune a gabanta, jakata a hannu, motar da zan shiga tana jira a bakin hanya, za ta ce in sauka lafiya. Ba ta sake aikena ba.