Baban Kifi

Shekarun baya, zamanin da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasar nan, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Fagge. Gidanmu yana Kwaciri, ni da matata da mahaifiyata da 'yarmu ƙwaya ɗaya, wadda a lokacin ba ta wuce shekara huɗu ba. A shekarar aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, malaman makarantarmu kowa ya sayi abin da ya daɗe yana buri. Ni babur na saya, na riƙa goge shi safe da yamma, ina ganin na kai inda ake zuwa.

Ina da aboki da muka tashi tare tun muna wasan ƙasa. Aji ɗaya muka yi, kuma ba yabon kai ba, ni nake yi masa lissafi. Da muka gama firamare na wuce kwalejin horon malamai, shi kuwa ya bi kawunsa kasuwar atamfa. Ranar da na kai masa babur ɗina ya gani, sai na tarar da mota sabuwa fil a ƙofar shagonsa, ko ledar kujerun ba a cire ba. Ya zagaya babur ɗin ya yaba ƙwarai, har ya ce in ba shi ya ɗana. Na dawo gida a hankali. Bai daɗe ba ya je Makka, sunansa ya koma Alhaji har a bakina. Abu ɗaya ne Allah bai ba shi ba, haihuwa. Ya riga ni aure, amma shiru.

Matasan yanzu da nake gani kuna ɗora 'ya'yanku a wuya kuna zagaya gari, da wuya ku gane abin da zan faɗa. A gidanmu, 'yar fari ba taka ba ce a gaban mutane. Ba na kiran sunanta, sai dai in ce "ke" ko "yarinyar nan". Ba na ɗaukarta in mahaifiyata tana tsakar gida. In ta faɗi ta kuje gwiwa, sai in sunkuyar da kai in ci gaba da duba aikin ɗalibai, alhali ban ga ko harafi ɗaya ba. Haka aka rene mu, kuma ban taɓa jin nauyin abin ba sai a wannan shekarar.

Ƙaramar Sallah ta zo a ƙarshen damina. Tun cikin azumi na lallaɓa yarinyar tana barcin rana na gwada ƙafarta da zare, na shiga kasuwar Sabon Gari da bakin azumi, na yi ta yawo har na samo wani jan takalmi mai ƙara in an taka. Na miƙa wa matata a ɓoye na ce, "In ta tambaya, ki ce ke kika saya." Ranar Sallah da safe yarinyar ta sa shi, ta yi ta safa da marwa a tsakar gida yana tsuwwa, ni kuma ina ɗaki ina gyara hula ina murmushi ni kaɗai.

Bayan la'asar muka ji hon ɗin mota. Alhaji ya yi sallama ya shigo, yana rungume da wani abu a ƙirji an lulluɓe shi da tawul, yana takawa a hankali kamar mai ciwon baya.

"Ina 'yata? A kira min 'yata ta karɓi barka da sallarta."

Ya durƙusa a gabanta da shaddarsa mai maiƙo, ya yaye tawul ɗin. Kwalba ce ta gilashi mai zagaye, mai faɗin baki, cike da ruwa. A ciki ga wani ɗan kifi bai fi yatsa ba, launinsa kamar ɓawon lemo, jelarsa tana lilo kamar mayafi. Ya ce a wani kanti a Sabon Gari ya gani, daga ƙasar waje ake kawo su.

Mahaifiyata ta matso ta leƙa. "Alhaji, wannan yaushe zai isa miya?"

"Inna, ba a cin wannan. Kallonsa ake yi."

Ta ce, "Kifin da ba a ci. To, Allah ya sa mu ga ƙarshen zamanin nan lafiya."

Yarinyar kuwa ta matso kusa da kwalbar. Ta manna hancinta a jikin gilashin har numfashinta ya yi masa hazo. Da ta ɗan motsa, takalmin ya yi ƙara, kifin ya zabura ya koma ƙasan kwalbar. Nan take ta zauna ta cire takalmin ta ture shi gefe.

"Yana ba shi tsoro," in ji ta.

Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi.

Daga ranar gidanmu ya zama wurin kallo. Yaran unguwa sai su yi layi a zaure, ita ke shigo da su ɗaya bayan ɗaya, tana gargaɗinsu kada su taɓa. Alhaji kuwa ya samu hanya. In ya tashi daga kasuwa sai ya biyo, wai ya zo duba kifi, ko ya kawo abincinsa a wani ɗan gwangwani. Shi ba uba ba ne, babu kunyar da ta hau kansa. Ya ɗauke ta, ya cilla ta sama, ya kira sunanta gatsal a gaban kowa. Ita ce ta raɗa masa Baban Kifi. In ta ji hon ɗin motarsa sai ta kwasa da gudu ba takalmi. In ni na dawo da babur, kaji ne kawai suke watsewa.

Wata rana matata ta kama ni a tsaye a gaban kwalbar. Ta ce, "Malam, wai da kifin kake gaba ko da Alhaji?"

"Ni ba na gaba da kowa."

"To ka daina harararsa. Ba zai sunkuyar da kai ba, ko ƙifta ido bai iya ba."

Da abin ya ishe ni, sai na yanke shawarar in nemo kantin nan in sayo kifin da ya fi nasa. Na same shi a wani lungu a Sabon Gari, wata Bayarabiya mai fara'a ce take tsaronsa, Hausa a bakinta kamar 'yar cikin gari. Na nuna wani baƙi mai gashin baki, ya ninka na Alhaji sau da yawa. Ta tambaye ni ko da wani kifin a gida, na kwatanta mata.

Ta ce, "A'a, Malam. In ka haɗa su, kafin gari ya waye wannan ya cinye ƙaramin."

Na tsaya ina tunani fiye da yadda ya kamata mutumin kirki ya tsaya. Daga ƙarshe dai na yi a'uzubillahi, na sayi wasu 'yan duwatsu masu launi da ake zubawa a ƙasan kwalba. Na zuba su da asuba kafin yarinyar ta tashi. Da ta gani ta yi tsalle, ta ruga wurin kakarta, sannan ta juyo gare ni.

"Baban Kifi ne ya aiko?"

Mahaifiyata tana zaune tana jan carbi tana kallona. Na ce, "E, shi ne."

Ana nan, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Alhaji ya zo. Bai tsaya wurina ba, ɗakin mahaifiyata ya wuce, suka daɗe. Bayan ya tafi ta kira ni.

"Abokinka ya zo da magana. Shi da matarsa suna so a ba su riƙon yarinyar nan. Ka san halin da suke ciki, gida ba motsin yaro. Na ce masa ai tasa ce, ko bai roƙa ba."

Akwai maganganu cike da bakina. Na so in ce ya samu mota, ya samu shago, ya samu gidan siminti, ita ma sai ya haɗa da ita? Abin da ya fito shi ne, "Duk yadda kika ce, Inna." Uban 'yar fari ba ya cewa a'a a irin wannan. Da na shiga ɗaki na tarar da matata tana ninke kayan yarinyar, tana warwarewa tana sake ninkewa. Ba wanda ya kalli wani.

Ranar tafiya yarinyar murna take yi, don an ce mata za ta shiga mota. Ta zauna a gaba, Alhaji ya ɗora mata kwalbar a cinya. Ban fito rakiya ba, na ce ina da aikin makaranta.

Gidan ya yi tsit. Yaran unguwa suka daina zuwa. Mahaifiyata da kanta ta rage magana, ko da yake ba za ta taɓa cewa ta yi kuskure ba. Ni kuwa na fara ƙirƙirar dalilan bin wata hanya. Sabon gidan Alhaji yana bayan Titin Ibrahim Taiwo, ba ya kan hanyata ko kaɗan, amma wata rana da aka tashi daga makaranta sai na ga babur ya kai ni can. Ƙofar gidan a buɗe take. Na rage gudu na leƙa. Ga ta can a wuyan Alhaji, sanye da sabuwar riga, tana ƙoƙarin tsinko ganyen mangwaro tana ƙyalƙyala dariya. Ban tsaya ba. Na murɗa babur na wuce. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Na riƙa faɗa wa kaina cewa ai abin farin ciki ne, yarinya ta samu gata. Zuciyata ba ta karɓi wannan karatun ba.

Ba a daɗe ba, wata safiya ina shirin fita aiki, sai ga hon. Alhaji ya shigo ɗauke da kwalbar, gaban rigarsa duk ya jiƙe. Yarinyar tana biye da shi, ta faɗa, idanunta sun yi zuru-zuru. Ta wuce kakarta, ta wuce uwarta, ta zo ta rungume ƙafata, ta cusa fuskarta a wandona.

Na sandare, don mahaifiyata tana nan zaune. Tsohuwar ta dube mu, sai ta dafa ƙasa ta miƙe ta ce bari ta duba wani abu a ɗaki, ta shige ta saki labule. Na sunkuya na ɗauki 'yata. Ban san ta yi nauyi haka ba.

Na ce, "Me ya dawo da ke?"

"Kifi ne ba ya son can. Ba ya cin abinci."

Na raka Alhaji zaure. Ya tsaya yana matse gaban rigarsa, bai kalle ni ba.

Ya ce, "Kifi lafiyarsa ƙalau, yana cin abincinsa. Ita ce ba ta ci. Ranar da ka wuce a kan babur ta gane ƙarar. Ni ma na gan ka, na ɗauka za ka tsaya. Tun daga ranar a bakin ƙofa take wuni, duk babur ɗin da ya gitta sai ta miƙe." Ya ƙara da cewa, "Matata ce ta ce in dawo da ita tun ba mu saba fiye da haka ba. Na baro ta tana kuka."

Ya ɗaga hannun rigarsa ya goge fuska, wai zufa. Na yi ta ba shi haƙuri, ina cewa ƙuruciya ce, za ta saba a hankali. Bakina ke nan. Cikina kuwa kamar an yi min albishir. Sai da motarsa ta ɓace a kwana na tuna cewa gidan da zai koma babu kowa sai mace mai kuka, kuma a nan ne murnar tawa ta ɗan rage kaifi.

Daga baya muka samu tsari. In an yi hutu takan je ta yi musu kwanaki ta dawo. Kifin ya kai bazara ya mutu, ta yi kukanta ta gama. Alhaji bai taɓa haihuwa ba har ya koma ga Allah. Yana da rai auren yarinyar ya tashi, ni da kaina na je na ce shi ne waliyyi. Ranar ɗaurin aure yana gaba cikin malamai, ni ina can ƙarshen tabarma. Wani baƙo daga dangin ango da ke kusa da ni ya nuna shi ya ce, "Wancan ne uban amarya ko?" Na ce shi ne. Ya ce ni fa? Na ce ni abokin babanta ne.

Abin da na ɗauka daga wannan lamari bai da yawa. 'Ya'yan da muka haifa daga baya ban ɓoye musu komai ba, wanda na saya wa abu ya san ni na saya. Na kuma gane cewa shekarun da na yi ina ƙirga abin da abokina ya fi ni, shi ma yana can yana kallon tsakar gidana. Amma ba zan ce muku kishin ya tafi gaba ɗaya ba. 'Yar tawa yanzu tana da jikoki. In ta zo gaishe ni, hira ba ta nisa sai ta kawo zancensa, ta ce Allah ya ji ƙan Baba, mutum ne da ba a samun irinsa. Nakan ce amin da zuciya ɗaya. Sannan in kasa kunne, in ji ko ni ma za a faɗi wani abu a kaina.