Kan Macijin Sialis

Kakarmu Sialis mace ce mai mantuwa, kuma ba ta taɓa jin kunyar hakan ba. A Panalik aka haife ta, bakin teku. Ta yi aure a ƙauyen da ke gaba da namu, ta daɗe tana busar da kwakwa a kan hayaƙi har idanunta suka rine. Da mijinta ya rasu ta dawo gida, ta riƙa bin motar ɗanta Tomeng zuwa kasuwar Kavieng da kwandon gwaza. In aka tambaye ta sunan wani kaka ko iyakar gona, sai ta ce, "Ku je wajen Lomot. Shi aka ba kai, ni hannu aka ba ni."

Lomot yayanta ne. Tun suna yara kawunsu ya tsayar da su gaban jama'a ya mallaka masu malagan ɗin danginsu, siffar da ake sassaƙawa in za a sallami mamaci. Yini guda suka gan ta, aka kai ta daji ta ruɓe kamar yadda aka saba. Ba a ajiye itacen, a cikin kai ake ajiye siffar. Lomot ya ajiye, Sialis ta jingina da shi.

Sai ga shi Lomot ya riga ta rasuwa. Aka binne shi, shekaru suka ɗan ja, aladu suka yi ƙiba, gwaza ta ƙosa, dangi suka sa ranar sallamarsa. Kafin wannan rana Lomot bai tafi ba kuma bai zauna ba, ko kwakwar da ya dasa ba mai taɓawa. Aka ɗauko masassaƙi, wani gajeren mutum mai suna Pakun, aka kewaye masa wuri da dangar ganyen kwakwa kusa da makabarta. Mata ba sa shiga can. Sialis takan zauna waje a kan kututture tana faɗa masa siffar, shi yana sara daga ciki.

Da farko abin ya zo mata da sauƙi har ta yi mamakin kanta. Mutum a tsaye, kifi mai fiffike a ƙarƙashin ƙafafunsa, haƙarƙari a fili, ja da baƙi da farar ƙasa. Sai maciji da ya bi tsawon jikin.

"To, uwar Tomeng, kan macijin fa?" in ji Pakun ta bayan danga. "Sama ko ƙasa?"

Ta laluba a ranta, ta tarar ta manta.

"Gobe," ta ce.

Ba ƙaramar tambaya ba ce. Dangin tsoho Lengri, na hayin rafi, suna da malagan mai kama da wannan kamar tagwaye, wajen macijin kaɗai suka rabu. In ta faɗi nasu, sata ce a bainar jama'a. Lengri zai miƙe ya tsayar da biki, aladun da aka yanka su tafi a banza, Lomot ya ci gaba da rataya tsakanin nan da can saboda ƙanwarsa ba ta riƙe abu ɗaya da aka ba ta ba. Ba kuma za ta je ta tambayi Lengri yadda nasu yake ba. Mai tambayar siffar wani ya riga ya shaida cewa ba shi da tasa.

Goben ta zo ta wuce, wata goben ma haka. Pakun ya gama ƙafafu, ya gama kifi, ya koma yana goge abin da ya riga ya goge.

"Itacen nan bushewa yake, uwar Tomeng. In ya yi tauri, ni da gizagona sai mu koma gida."

"Ka gyara haƙarƙarin tukuna."

"Na gyara su har sun fi nawa kyau."

Abinci ya daina shiga mata. Takan runtse ido ta ga fuskar mutumin, ta ga kunnuwansa masu huji, in ta gangaro wajen macijin sai duhu.

Wata safiya tana zaune a ƙasa tana feren gwaza, Tomeng ya hau bayan motarsa yana kwance kaya, igiya na lilo daga kafaɗarsa. Ta ɗaga kai za ta yi masa magana, sai ta ajiye wuƙar.

"Tsaya nan. Kada ka motsa."

"Inna, mutane na jirana a bakin hanya."

"Su jira. Naɗa igiyar nan a jikinka. Ƙulla mata kai."

Tomeng ƙato ne mai tumbi, 'ya'yansa har sun tasa. Ya dubi matan da ke wanki suna kallonsa, ya ƙulla, ya ɗaga ƙullin zuwa haɓarsa. "Haka? Ko in buɗe haƙarƙarin ma? Sai dai a tona, sun daɗe da ɓacewa."

Ba ta yi dariya ba. Ta matso da jan gindi har gindin taya. Tun da aka fara aikin nan a tsaye take neman siffar, da idon babba, alhali ranar da ta gan ta ko ƙugun kawunta ba ta kai ba.

"Sake shi ƙasa."

Ƙullin ya faɗo ya tsaya yana reto daidai goshinta. Gabanta ya faɗi, irin faɗuwar da ta manta ya taɓa yi. Kan macijin ne, baki buɗe, jan harshe, yana kallonta daga sama. Ta tuna ta ƙwalla ƙara ta cusa fuska a bayan Lomot, ba ta sake ɗagowa ba har aka watse.

Ta je danga ba takalmi. "Ƙasa yake kallo. Wutsiyar ce a bakin mutumin."

"Kin tabbata? In na sara ba ya komawa."

Tsoron yarinya ne kawai shaidarta. "Sara," ta ce.

Ranar biki aka jera aladu da gwaza, aka ture dangar gaba ɗaya. Siffar na tsaye, idanunta na ƙwanson dodon koɗi suna sheƙi. Sialis ba ta dube ta ba, Lengri take kallo. Tsohon ya dogara sanda ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa fentin, don idonsa ya yi rauni. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya sake duba sama.

"Namu haɓa yake cizo," ya ce. "Wannan mummunan naku ne."

Mai magana da yawun dangi ya ɗaga murya ya sallami Lomot, mata suka fasa kuka na ƙarshe. Sialis ta zauna inda take.

Ana rabon nama ta iske Lengri a inuwa. "Tsoho, kai ma kana wurin ranar da kawuna ya mallaka mana ita. Haka yake?"

Ya ci gaba da tauna. "Ke, ni ranar alade nake kallo. Na dai san ba namu ba ne."

Ta jima tsaye a kansa ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Ta ce wa Tomeng ya je ya sauko mata da kwakwa daga bishiyar Lomot, ƙishirwa take ji.