Fitilar da Ta Faɗi a Hanyar Agyaragu

A da fitilar bayan keke ta ƙarfe ce, da noti ake ɗaure ta a jikin kariya, wato wurin ɗora kaya a bayan keke. Tawa sai da tsatsa ta cinye ta, amma ba ta taɓa motsi ba. Ta yanzu roba ce, ana maƙala ta a ƙarƙashin sirdi. Na ga tana aiki a Turai, inda masu keke ke sa matsattsen wando a kan titi sumul. Mu a Lafia doguwar riga muke sawa, rigar kuwa saukowa take ta rufe fitilar. Shi ya sa na mayar da sabuwar ƙarshen kariya, na ɗaure ta da robar tsohuwar taya.

Wata asuba na kama hanyar gonata a Agyaragu, gari bai gama wayewa ba. Ramuka suka yi ta girgiza ta har ta faɗi, ni kuwa ina ta tuƙi hankali kwance, ina zaton ana hango ni. Sai wata motar doya ta kwashe ni ta baya.

"Wallahi Baba, ban gan ka ba," in ji direban. Na yarda da shi.

Ƙuguna ya karye, ya ɗoru a karkace. Tun daga ranar ban ƙara hawa keke ba.