Guntun Itacen da Na Kawo wa Umma Daga Malaka

Tun kafin motar makaranta ta iso gabana yake faɗuwa. Wata Alhamis ce da sassafe, shekarar da nake aji huɗu, muna zaune a hawa na bakwai a unguwar Sentul, can ƙasar Malayawa, saboda karatun Abbanmu. Za a kai ajinmu garin Malaka mu ga tsofaffin gine-gine da wuraren bautar mutanen ƙasar. Abba ya amince, Umma kuwa ba a son ranta ba. Ta zuba min dafa-duka a kula, ta gyara min hijabi, sannan ta riƙe kunnena ta ce, "Jidda, gidan gumaka ne. Kada ki shiga, kada ki taɓa, kada ki karɓi komai." Ni da nawa tunanin na yarinta sai na ƙara na huɗu: kada ma in shaƙi iskar wurin, don na ɗauka idan ta shiga cikina musuluncina ya tafi.

A mota na ɗan manta. Yara suna ta waƙa da Malayanci, ni da ƙawata Mei, wata 'yar Sin mai wushirya, muna wasan carafke a kan cinya da 'yan ƙullin shinkafa da suke amfani da su maimakon duwatsu. Gonakin kwakwar manja ta ko'ina, sai ka ce ba za su ƙare ba. A Malaka muka ga jajayen gine-gine, muka hau tudu zuwa wani kangon coci marar rufi, maza suna rige-rigen hawa tsohuwar igwa, malamarmu, wadda muke kira Cikgu, tana ta ƙirga kawunanmu tana share gumi.

Da azahar muka shiga wani siririn layi. Masallaci yana nan, kusa da shi wurin bautar Indiyawa, gaba kaɗan na 'yan Sin mai jar ƙofa da rufi kamar ƙahoni. Wasu suka shiga, ni na toge a bakin ƙofa na toshe hanci. Hayaƙi yana fitowa a hankali. Na riƙe numfashi har idona ya fara ganin duhu, da na kasa sai na ja iska da ƙarfi. Wallahi ƙamshin Ummata na ji, na turaren wutarta da ta taho da shi daga Kano a kwalba, wanda ya kusa ƙarewa har sai ranar Juma'a kawai take barbaɗa ɗan kaɗan a kasko. Na tsaya ina shaƙa, ina istigfari, ina ƙara shaƙa.

Wata tsohuwa da ke shara a ƙofar kantin gefe ta gan ni ta yi dariya. Ta shiga ta fito da guntun itace kamar ɗan yatsa ta danƙa min. Mei ta ce, "Karɓi mana, ba ci za ki yi ba!" Na karɓa. Duk hanyar komawa yana cikin safata yana sukata, ko abincina ban iya ci ba. Sau biyu na yi niyyar jefa shi ta taga, sai in tuna gindin kwalbar nan.

Na tarar da Umma tana kwashe shanya a baranda, hadari ya haɗu. Kallo ɗaya ta yi min ta ce, "Me kika yi?" Na ciro na miƙa mata ina kuka, na ce ban shiga ba amma na shaƙa, kuma na karɓa. Na jira mari. Sai ta kai shi hanci, ta zauna a kan bokiti, ruwa yana feso mata. Can ta ce, "Ɗakin Inna." Mahaifiyarta ke nan, da rabonta da ita tun tahowarmu. Ta ce, "Sandal ne, sakarya. Itace ne Allah ya halitta, ba ruwansa da abin da suke yi. Amma gobe in na ce kada ki karɓa, to kada ki karɓa." Ta daka shi a ƙaramin turmi, ta haɗa da sukari da ɗan turare. Juma'ar nan har maƙwabciyarmu Bamalaya sai da ta leƙo tana tambaya.

Bayan mun koma gida ban yi nisa a boko ba. Aure ne ya sake dawo da ni ƙasar, yanzu muna unguwar Wangsa Maju, maigidana yana karatu. Na je Sentul na kasa gane barandarmu a cikin dogayen benaye, Umma kuma ta rasu. Mako mai zuwa za a kai ajin 'yata Ummi irin wannan yawo, ga shi na kama kaina ina jera mata nawa kada da kada, har tana ce min da Turanci na cika tsoro. Sai yanzu na san nauyin da ke zuciyar Umma ran nan, da kuma abin da ta danne ta saurare ni.

Don Allah, uwar da ɗanta ya dawo da wani abu a hannu a tsorace, ta zaunar da shi ta ji ta bakinsa tukuna.